Malam Abdullahi Mai Boɗinga, Wazirin Da Ya Shata Wa Masu Mulki Iyaka

A duk sa'ad da ake zancen waɗanda suka kafa Daular Usmaniyya, sunaye uku ne ke zuwa bakin kowa, watau Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ƙanensa Malam Abdullahi, da kuma ɗansa Muhammadu Bello. Na farkon shi ne Mujaddadi wanda ya ɗaga tuta, na ukun kuwa shi ne ya gina birnin Sakkwato ya kuma gaji mahaifinsa. Na tsakiyan ne galibi ba a tsayawa a kansa. Da an ce Abdullahin Gwandu sai a wuce, kamar dai labarinsa bai wuce sarautar nan da zuriyarsa ke riƙe da ita har yau ba. Amma mutanen ƙasar Sakkwato suna da wani laƙabi da suke kiransa da shi, watau Mai Boɗinga, domin a wannan gari ne ya zauna cikin shekarun da aka shimfiɗa tsarin daular, a nan ne kuma ya wallafa waɗansu daga cikin manyan littattafansa.

A zamanin nan namu an raba aiki gida biyu, 'yan majalisa su tsara doka, alƙalai su yi hukunci da ita. A zamanin Malam Abdullahi kuwa doka a rubuce take tun tuni cikin Alƙur'ani da Hadisi da littattafan Malikiyya. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai tsamo ta, ya jera ta daki-daki, ya nuna wa sarki iyakarsa, ya nuna wa alƙali tasa, sa'an nan ya tsaya kai da fata a kan sai an bi. Wannan shi ne aikin da Malam Abdullahi ya ɗaukar wa kansa. Ya ja runduna, ya yi waziri, ya riƙe rabin daula, amma tun daga farkon jihadi har ƙarshen ransa tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat: idan mutanen da suka yi wa'azin adalci suka kama mulki, me zai hana su komawa irin waɗanda suka kayar?

Haihuwa Da Neman Ilmi

An haifi Malam Abdullahi wajen shekarar 1766, watau Shehu ya girme shi da kamar shekara goma sha biyu. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Mahaifinsu shi ne Malam Muhammadu, wanda ake yi wa laƙabi da Fodiyo saboda zurfin ilminsa, mahaifiyarsu kuwa Hauwa'u. Gidansu na Toronkawa ne, gidan da aka sani da allo da alƙalami tun kaka da kakanni a ƙasar Ƙonni da Gobir. A hannun mahaifinsa ya karanci Alƙur'ani, da ya kai shekara goma sha uku sai aka danƙa shi ga wansa Usmanu, wanda a sa'an nan ya riga ya soma wa'azi a Ɗagel da kewayenta. Wurin wan nan nasa ya ɗauki Ishiriniya, da waƙoƙin Larabawan farko, da littattafan tauhidi na Sanusi, da nahawu, da fiƙihu tun daga Ahalari da Ishmawi har Risala. Bai tsaya nan ba, ya bi malamai da yawa, galibinsu kawunnansa da baffanninsa, ya kuma zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin nan mai zafin wa'azi wanda Shehu kansa ya yi karatu wurinsa. Wajen 1786 shi da Shehu suka saurari Sahihul Buhari wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji.

Duk wannan ba ji-ta-ji-ta ba ne, gama shi da kansa ya jera sunayen malamansa da abin da ya ɗauka wurin kowannensu cikin wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuhi, wanda ya rubuta cikin 1812. Wanda ya duba littafin nan zai gane irin zurfin da karatun zaure ya yi a ƙasar Hausa tun kafin jihadi. Larabci musamman ya zauna masa ƙwarai, har aka riƙa yi masa kirari da Balaraben ƙasar Sudan. Littafinsa na nahawu, Bahrul Muhiti, baitocinsa sun haura dubu huɗu.

Alamar irin tunaninsa ta fara bayyana tun yana ɗan shekara ashirin. A lokacin Shehu yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, inda ya yi kamar shekara biyar, maza da mata suna taruwa suna saurare. Sai wani malami mutumin Barno, Mustafa Gwani, ya aiko da waƙa yana zargin Shehu da cuɗa maza da mata. Shehu ya umurci ƙanensa ya ba da amsa. Malam Abdullahi bai musa cewa cuɗanya abar ƙi ce ba, ya ma nuna su da kansu suna hana ta. Amma ya kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilcin abin da ya wajaba a kansu ya fi muni, idan kuwa ɓarna biyu suka haɗu, babbar ake fara kawarwa. Wannan awo ne irin na alƙali, kuma da irinsa ya yi aiki har ya bar duniya.

Daga Ɗagel Zuwa Alwasa

Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya bar jama'ar Shehu sun sake, musamman bayan taron Sallar Layya da aka yi a Magami wajen 1789, inda Shehu ya ƙi karɓar kyautar sarki, ya nemi a maimakonta a bar shi ya yi wa'azi, a saki 'yan kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Malam Abdullahi yana wurin. Da sarauta ta zo hannun Nafata sai ya yi shela ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu, ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi, ya kuma umurci wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa. Ɗansa Yunfa ya ƙara tsanantawa, har ta kai ga harin da Gobirawa suka kai wa mutanen Malam Abdussalami a Gimbana. Ran 21 ga watan Fabrairu, 1804, jama'a suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. A can ne aka yi wa Shehu mubaya'a, Malam Abdullahi ne kuma ya fara miƙa hannu, Bello ya biyo baya.

Wata huɗu bayan haka, ran 21 ga watan Yuni, Yunfa ya taho da Gobirawa da Abzinawa da dawakin lifidi, aka gamu a Tafkin Kwato. Malam Abdullahi ne ya ja jama'a, dawakinsu kamar ashirin, sauran duk 'yan baka ne. Aka karya Yunfa, ya bar kayansa ya tsere. Daga nan jama'a suka gangaro Magabci ta ƙasar Yabo, wurin Muhammadu Moyijo, watau maƙwabtan Boɗinga da Shagari na yau. A ƙarshen shekarar suka sha kashi a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani kamar ɗari biyu. Cikin watan Afrilu, 1805, Malam Abdullahi ya ja rundunar da ta ci Birnin Kebbi, abin da ya buɗe wa jama'a hanyar zama a Gwandu.

Abin da ya faru a ƙarshen wannan shekara shi ne ya tsaya masa a rai. Gobirawa da Kabawa da Abzinawa suka haɗa kai suka nufo Gwandu, rundunar jama'a ta fita tarye. A kan hanya sai mayaƙa suka auka wa garin Kwalda, garin da ke zaman amana da jama'a, suka washe shi. Malam Abdullahi da Bello suka yi iyakar ƙoƙarinsu su hana, ba a saurare su ba. Ba a daɗe ba aka gamu da abokan gaba a Alwasa, aka karya jama'a, aka kashe kamar mutum dubu, sai da aka ja da baya har Gwandu kafin a iya korar maharan. Tsuntsuwa da Alwasa sun cinye malamai da almajiran da suka taso a Ɗagel, waɗanda suka san abin da ya sa aka yi hijira. Waɗanda suka cike gurbinsu kuwa, da yawa ganima ce ta kawo su. Waziri ya ga da idonsa yadda runduna mai tutar shari'a ke iya taka shari'ar, shugabanninta suna kallo ba yadda za su yi.

Gudun Mulki Da Littafin Kano

Cikin 1807, runduna tana kan hanyar Alƙalawa, sai Malam Abdullahi ya bar ta, shi da mutum biyar, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Ya bayyana dalilinsa cikin Tazyinul Waraƙati, littafin da ya tattara waƙoƙinsa da labarin jihadi a ciki cikin 1813. Abokansa na gaskiya sun ƙare, ya ga an bar shi cikin mutanen da ba abin da ke gabansu sai mallakar ƙasa da neman muƙami, da tara ƙwaraƙwarai da kayan ƙawa, da cin rashawa. Mai karatu ya lura, ba a kan sarakunan da aka kayar ya yi wannan magana ba. A kan mutanensa ya yi ta, shekara uku kacal bayan hijira, tun ba a ci Alƙalawa ba. Ba kasafai ake samun wazirin da zai faɗi irin wannan a kan gwamnatin da yake cikinta ba, balle ya sa shi cikin littafi ya bar wa na baya.

Tafiyar ba ta wuce Kano ba. A sa'an nan masu jihadin Kano ba su daɗe da korar Sarki Alwali ba, Malam Sulaimanu ne ke riƙe da gari, manyan jama'a kuma ba su daidaita a tsakaninsu ba. Suka tare shi, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya gaya musu cewa abin da ya tarar a wurinsu shi ne abin da ya gudo ya bari a gida, amma duk da haka ya zauna. Ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, ya sa aka fasa kayan kiɗan fada, har aka mai da kwarin ganguna abin zuba wa dawaki abinci. Sa'an nan ya rubuta musu littafin da ya fi kowanne shahara cikin littattafansa na mulki, watau Liya'ul Hukkami, ma'ana Hasken Mahukunta.

Littafin ya taɓo hijira da jihadi da aikin hajji, amma zuciyarsa ita ce babin shugabanci da babin siyasar shari'a. A wurin Malam Abdullahi, shugaba mutum ne da malamai da dattawan jama'a ke zaɓa bisa cancanta. Sarautar da aka ƙwata da ƙarfi, ko aka gada don kawai uba ya riƙe ta, mulki ne irin na sarakunan duniya, wanda aka yi jihadi don a kawar. Shugaba ba ya yanke al'amari shi kaɗai, wajibi ne ya yi shawara, ya kuma naɗa mataimaka: waziri amintacce, da alƙalai, da mai kula da kasuwa da mudu da ma'auni, da masu karɓar zakka, da mai duba ƙarar waɗanda aka zalunta. Wannan na ƙarshen ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne talaka zai kai kukansa a kan hakimi ko jakada, watau irin mutanen da alƙalin gari ba ya iya tanƙwarawa. Ƙasar da ba ta da irin wannan ƙofa, shari'arta a kan marasa gata kaɗai take ƙarewa.

Shi kuwa alƙali, kamar yadda yake cikin littattafan Malikiyya da Malam ya ɗebo daga cikinsu, sai ya zama masani, adali, wanda ba ya tsoron fuskar kowa. Masu shari'a biyu su zauna gabansa daidai ko da ɗaya basarake ne ɗaya baƙauye. Kada ya yi hukunci yana cikin fushi, kada kuma ya karɓi kyauta saboda muƙaminsa. Wannan hukunci na kyauta ya hau kan dukan ma'aikata, gama gaisuwa ita ce ƙofar da rashawa ta saba shigowa ta cikinta a fadojin ƙasar Hausa, ta shigo da sallama kuma, kowa yana mata maraba.

Duk da haka bai ɗaure hannun hukuma ba. Ya bi Ibn Farhun, malamin nan na Madina mai littafin Tabsiratul Hukkami, wajen raba siyasa gida biyu, ta zalunci wadda shari'a ta haramta, da ta adalci wadda ke ƙwato haƙƙi daga hannun azzalumi. A ƙarƙashin ta biyun, mai mulki yana iya duban alamu da halin wanda ake tuhuma ko da shaidu ba su cika ba. Mutumin da aka sani da kirki ba a taɓa shi don zargi kawai, wanda ya shahara da ɓarna ana iya tsare shi a tsananta bincike, wanda ba a san halinsa ba kuwa a riƙe shi gwargwadon a gano gaskiya. Ya sake komawa kan wannan batu daga baya cikin Liya'us Siyasati. Wani abin sha'awa kuma shi ne, cikin abubuwan da ya dogara da su wajen zancen mulki akwai nasihar da Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na goma sha biyar, wadda ta yi ta jan kunnen sarki kada ya ɓuya wa talakawansa. Watau Kanawa sun roƙi baƙo ya koya musu mulki, shi kuwa ya tuna musu da abin da ke ajiye cikin taskarsu shekara ɗari uku.

Daga Kano ya fasa tafiya ya komo gida. Cikin watan Oktoba, 1808, Bello ya ci Alƙalawa, aka kashe Yunfa.

Zaman Boɗinga

Da yaƙin Gobir ya lafa sai Shehu ya tashi daga Gwandu ya koma Sifawa wajen 1810, Bello ya kafa Sakkwato, Malam Abdullahi kuwa ya sauka Boɗinga, ɗan taƙi kaɗan daga Sifawa. Cikin 1812 Shehu ya raba aikin kula da ƙasa, ya ba Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma, shi kuwa ya koma ga karantarwa. Rabon Malam Abdullahi ya kama daga ƙasar Kabi, ya bi kogin Kwara zuwa Dandi da Gurma, har Liptako cikin Burkina Faso ta yau, daga baya kuma Nupe da Ilori suka shigo ƙarƙashin Gwandu.

Shekarun Boɗinga su ne shekarun muhawara tsakanin wa da ƙane, muhawarar da ba ta tsaya a zaure ba, littafi ne ke amsa littafi. Shehu yana duban jama'a mai yawa wadda ta haɗa malami da jahili da wanda ya shigo jiya, saboda haka ya karkata ga sauƙi: matuƙar malamai sun yi saɓani a kan abu, kada a tsananta wa mutane a kansa. Ya ga babu laifi a kira shugaba sarki ko sultan in dai aikinsa na adalci ne. Ya yi rangwame kan waɗansu kaɗe-kaɗe, da kuma kan mutum ya sa alharini ko zinariyar da aka samu ganima na ɗan lokaci don nuna godiya ga Allah. Malam Abdullahi bai gamsu ba, ya kuma rubuta rashin gamsuwarsa cikin Liya'us Sultani a 1812. Ba shi da wuya a gane abin da yake tsoro, shi da ya ga Kwalda ya ga Kano. Suna yana jawo hali. Wanda aka kira sarki yau, gobe zai nemi tambari, jibi ya nemi ɗansa ya gaje shi, a wayi gari Gobir ta dawo da sabon rawani.

Amma kada a ɗauka kullum shi ne mai tsanantawa. Akwai batun Musulmin da suka taimaki abokan gaba a yaƙi, batun da ya shafi rikicin Barno da jayayyar da aka yi ta wasiƙa da Shehu Muhammadu El-Kanemi. Shehu Usmanu ya bi Magili ya ɗauki wannan taimako a kan kafirci. Malam Abdullahi kuwa ya tafi a kan cewa saɓo ne babba, amma bai fitar da mutum daga Musulunci ba, sai fa in don son kafircin ya yi. Bambancin nan ba ƙarami ba ne, domin a kansa ne hukuncin jinin mutum da dukiyarsa da iyalinsa ya rataya. A nan Waziri ne ya taƙaita ikon masu takobi, a gaban wansa kuma malaminsa. Ma'auninsa ɗaya ne a wurare biyun: abin da nassi bai ba mai mulki ba, kada ya ɗauka, ko tambari ne ko ran wani.

Shehu bai tsige shi ba, bai kuma hana shi rubutu ba. Cikin Najmul Ihwani, wanda ya fito a wannan shekara yana amsa waɗansu daga cikin batutuwan, har ya shawarci almajirai su lazimci littattafan ƙanensa domin shi ne mai kiyaye zahirin shari'a, su karanta na Bello don sanin siyasa. Ya kamata masu ganin duk saɓani da shugaba rashin biyayya ne su dubi wannan da kyau.

Malam bai tsaya ga manyan batutuwa kaɗai ba. Ya rubuta littafi kan aikin masu kula da kasuwa da tarbiyyar jama'a, ya rubuta Ta'alimur Radi kan yadda mutum ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, ko ta hanyar raya ta da sharar daji da haƙa rijiya da gini, ko ta kyautar shugaba. A ƙasar da yaƙi ya tarwatsa garuruwa, mutane suna ta kafa sababbi, wannan shi ne irin rikicin da ke zuwa gaban alƙali kowace safiya. A Boɗinga ne kuma ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili, wajen 1816, daga baya ya taƙaita shi domin masu ƙaramin karatu.

Ranar Da Doka Ta Zo Kansa

Shehu ya koma Sakkwato cikin 1815, ya rasu a can ran 20 ga watan Afrilu, 1817. Malam Abdullahi yana Boɗinga labari ya same shi. Kafin ya iso, manyan jama'ar da ke Sakkwato sun riga sun yi wa Bello mubaya'a, labarin da aka gada kuma ya nuna cewa ya tarar an rufe ƙofar gari. Ya juya. Ba da daɗewa ba ya tashi daga Boɗinga ya koma Gwandu, ta kudu maso yamma, bayan ƙasar Yabo da Shagari.

In an duba da idon basira, shari'ar nan tana da wuyar yankewa. Malam Abdullahi shi ne Waziri, shi ne babba, shi ne ya fara mubaya'a a Gudu, shi ne ya ja runduna a Kwato, a fagen ilmi kuwa ba wanda ke gabansa bayan Shehu. Ga shi kuma ɗa ya hau gadon uba, abin da ya yi ta gargaɗi a kansa. Amma ta ɗaya gefen, Bello ba don gado kaɗai aka zaɓe shi ba. Malami ne shi ma, shi ya ci Alƙalawa, mayaƙa da sarakunan gabas da shi suka saba, waɗanda suka zaɓe shi kuma suna cikin masu ɗaurewa da kwancewa. Cikin wannan shekara Malam ya rubuta Sabilus Salama kan sharuɗɗan shugabanci da yadda ake zaɓen shugaba. Iyakar abin da ya yi ke nan. Yana da ƙasa, yana da mayaƙa, yana da almajirai, amma bai zare takobi ba, alhali kuwa a daidai lokacin garuruwa suna ta tawaye, har Malam Abdussalami na Gimbana ya ɗaga kai a Kware. Da wa da ɗan wa sun gwabza a sa'an nan, da wuya daular ta kai labari.

An yi 'yan shekaru ba a ga maciji tsakanin Sakkwato da Gwandu. Sai ragowar mutanen Abdussalami suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka ƙuntata wa Malam Abdullahi har abin ya fi ƙarfinsa. Bello ya taho da runduna ya kawo masa gudummawa, aka ci garin. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu bayan yaƙin, Bello ya yunƙura zai sauka daga kan doki ya gai da baffansa, sai Malam Abdullahi ya yi masa alama ya zauna, shi ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Daga ranar aka daidaita. Wazirci ya tabbata ga Giɗaɗo ɗan Laima, Gwandu ta ci gaba da kula da yamma, Sakkwato ta zama uwa.

Ragowar shekarunsa ya yi su a Gwandu. Ya bar yawancin harkar mulki da yaƙi a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari mai Tambuwal, shi kuwa ya koma ga karantarwa da rubutu, galibi kan gyaran zuciya da gudun duniya. Ya rasu cikin 1829 yana da shekara sittin da 'yan kai, aka binne shi a Gwandu, Allah ya jiƙansa. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa Halilu, sarautar kuma ba ta fita gidan ba har yanzu. Watau dai mutumin da ya fi kowa jan kunne a kan gadon sarauta, gidansa ya zama ɗaya daga cikin manyan gidajen sarautar Arewa.

Gadon littafi ma bai yanke ba. Da Bajamushen nan Barth ya iso Gwandu cikin 1853, zamanin Halilu, a nan ya sami kwafin Tarihus Sudan, littafin tarihin Tumbuktu da Songai. An buga Liya'ut Tawili a Alƙahira cikin 1961, ana kuwa karanta shi a masallatai da zauruka cikin azumi. Cikin 1963 Hiskett ya fitar da Tazyinul Waraƙati a Ibadan tare da fassarar Turanci. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan yanki, wanda ya shiga Majalisar Wakilai cikin 1954, shi da Jean Boyd sun wallafa littafi kan shugabancin Shehu cikin 1978, shekara guda kafin a zaɓe shi Shugaban Ƙasa. Tun 1991 kuwa, da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, Gwandu da hubbaren Malam suka faɗa can, fadar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi tana ɗauke da sunansa, Boɗinga da Sifawa kuma suka zauna cikin Jihar Sakkwato.